Likita Ya Ce In Koma Inda Nake Gudu: Amsa ga Wata Malamar Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata 31, ina da aure da 'ya'ya biyu. Bara ana gab da ƙaramar Sallah, ina cikin adaidaita sahu a cunkoson Kantin Kwari, sai kawai zuciyata ta hau bugawa, numfashina ya sarƙe, yatsuna suka yi sanyi, na tabbata mutuwa ce ta zo. An kai ni asibiti, aka yi awon zuciya da na jini, aka ce lafiyata lau. Tun daga ranar abin yake dawowa. Na daina shiga kasuwa, na daina zuwa biki da suna, ko makaranta ba na zuwa sai ƙanwata ta raka ni. An yi mini ruƙiyya, na ɗan samu sauƙi, abin ya dawo. Yanzu likita ya tura ni wurin masanin halayyar ɗan'adam, shi kuma ya ce za mu fara wani magani da ake kira CBT, wanda a cikinsa zan riƙa komawa wuraren da nake gudu da gangan. Ina tsoron kada zuciyata ta tsaya a wajen gwajin. Maigidana yana ganin hira ba ta maganin ciwo, surukata kuma ta ce kada a ji na je wurin likitan mahaukata. In je ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Shawarata ita ce ki je, kuma kada ki ɗaga ranar da aka ba ki, domin duk makon da kika ƙara a gida kina shawara da zuciyarki, tsoron yana ƙara samun gindin zama. Wanda ya duba ki ido da ido shi ke da hurumin sanya wa ciwonki suna, amma abin da kika zayyana ya yi daidai da firgicin da ke afka wa mutum farat ɗaya babu wani haɗari a gabansa, sannan ya bar shi da zullumin dawowarsa har ya fara ƙaurace wa wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ɗaya daga cikin cututtukan fargaba, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma kusan mutum 1 cikin 4 ne kawai ke samun magani. Ke kin riga kin samu abin da da yawa ba su samu ba, tunda an yi miki awo, an kuma haɗa ki da wanda ya san aikin, alhali wasu shekaru suke yi suna zarya tsakanin kemis da ɗakin awon zuciya ba wanda ya gaya musu abin da ke damun su.

Zan fara da tsoronki na cewa zuciya za ta tsaya, saboda a kansa komai ya ginu. Allah ya halicci jikin ɗan'adam da wani shiri na ko-ta-kwana: idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai a saki sinadarin adirenalin cikin jini daga wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, zuciya ta ƙara sauri domin ta kai jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙaru, zufa ta karyo, jini ya ragu a fata da yatsu har su yi sanyi. Shiri ne na gudu ko kokawa, kuma zuciya mai lafiya an yi ta ne domin ta iya ɗaukar sa, kamar yadda take ɗaukar hawan bene da ɗibar ruwa. A cikin adaidaitar nan shirin ya tashi babu dalili na zahiri, mai yiwuwa saboda azumi da zafi da gajiya da hayaƙin ababen hawa sun haɗu. Kika ji bugun, kika fassara shi da zuwan ajali, fassarar ta ƙara razana ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ƙara sakin sinadarin, bugun ya ƙaru, kika ƙara gaskata fassarar. David Clark, wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Oksfod ta Ingila, shi ne ya fayyace wannan zagaye a shekarar 1986, kuma yawancin maganin firgici na yau a kan bayaninsa aka ɗora shi. Jirin da ake ji da sandarewar leɓe da yatsu kuwa daga saurin numfashi suke, domin mai haki yana fitar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jini su ɗan tsuke. Firgicin yakan kai ƙololuwarsa cikin minti 10 ko ƙasa da haka, sannan ya fara sauka ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Ko suma da mutane ke tsoro ba kasafai take faruwa a irin wannan yanayi ba, saboda suma tana zuwa ne idan ƙarfin jini ya faɗi, shi kuwa firgici ɗaga shi yake yi.

To, me ya sa abin da ya faru sau ɗaya ya raba ki da kasuwa da biki da tafiya ke kaɗai? Magabata sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Ƙwaƙwalwarki ta haɗa firgicin farko da duk abin da ke wurin a ranar, wato cunkoso, zafi, matsi da rashin hanyar fita da sauri, don haka duk inda ta ga ɗaya daga cikinsu sai ta buga ƙararrawa. Ranar da kika yi shirin zuwa suna, gabanki ya faɗi, kika cire mayafi kika zauna, nan take kin ji sanyi a ranki, kuma wannan sanyin shi ne tarkon. Darasin da ƙwaƙwalwa ta ɗauka shi ne zaman da kika yi ya cece ki, ba ta kuma samu damar ganin abin da zai faru da kin je ba. Kashegari sai ta ƙara jerin wuraren da za a guje wa. A haka duniyar mutum take ƙuntata daga gari zuwa unguwa, daga unguwa zuwa tsakar gida, har akwai waɗanda ta kai su ga ba sa iya zama a ɗaki sai da wani. Muddin gudun yana ci gaba, duk wani magani rage zafi kawai zai yi, shi ya sa wanda aka tura ki wurinsa ya nufi gudun kai tsaye.

Game da maganar maigidanki, yana da gaskiya a kan cewa hira kaɗai ba ta isa ba, sai dai abin da za a yi miki horo ne mai tsari, kuma ba jiya aka fara shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya yi karatu a Bagadaza ya kuma rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, ya ware tsoro da firgici da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da hankalinsa ke kwance domin ya yi amfani da su ranar da damuwa ta taso, kamar yadda ake ajiye magani a gida. A shekarar 1924 wata mai bincike a Amurka, Mary Cover Jones, ta raba wani ƙaramin yaro da tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kusa da shi kaɗan-kaɗan yana cin abincin da yake so. Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, ya mayar da wannan dabara tsararren magani a shekarun 1950, shi ne kuma ya kawo ma'aunin da za ki ji ana tambayar ki da shi, wato daga 0 zuwa 100 nawa ne tsoronki yanzu. A shekarun 1960 kuma Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Fensilbaniya, ya lura cewa marasa lafiyarsa suna da wasu tunani masu gilmawa da sauri waɗanda suke ɗauka gaskiya ba tare da bincike ba, kuma idan aka koya musu kama su da auna su, yanayinsu yana canzawa. Haɗuwar waɗannan hanyoyi biyu, gyaran tunani da gyaran ɗabi'a, ita ce CBT, kuma tana cikin magungunan fargaba da aka fi gwadawa aka kuma fi samun shaidar amfaninsu.

Ba wanda zai kai ki Kantin Kwari a zaman farko. Zama ɗaya ko biyu na farko tambayoyi ne: yaushe abin ya fara, me kike ji a jikinki, me kike tsammanin zai faru, wurare nawa kika daina zuwa, yaya barcinki, wane magani kike sha. Wataƙila a ba ki takarda mai 'yan tambayoyi ki cike, wadda za a sake ba ki bayan wasu makonni domin a auna ci-gaba da lamba maimakon a dogara da zato. Za a kuma nemi ki faɗi burinki, kuma ina ba ki shawara kada ki tsaya a kan cewa kina so ki warke. Ki ce kina so ki riƙa zuwa makaranta ke kaɗai kafin ƙarshen zango, ki yi wa yaranki sayayyar Sallah da hannunki, ki zauna a gidan biki har a watse. Buri irin wannan shi ake iya rarrabawa mataki-mataki.

Daga nan za a ba ki aikin rubutu, wanda bai kamata ya yi wa malamar makaranta wuya ba. Ki ware ƙaramin littafi, duk lokacin da abin ya taso ki rubuta inda kike, abin da kika ji a jiki, jumlar da ta gilma a ranki, da kashi nawa cikin 100 kika gaskata ta. Misali, ranar Talata kina gaban allo kina rubuta lissafi, kika ji ƙirjinki ya ɗaure, zuciyarki ta ce yanzu zan faɗi a gaban yara, kika gaskata da kashi 90, kika fita kika zauna a ofis. A zama na gaba za ku ɗauki wannan jumla ku yi mata tambayoyi: sau nawa ta zo miki a cikin shekarar nan, sau nawa kika faɗi, me awon asibiti ya nuna, wane bayani ne daban zai iya fassara ɗaurewar ƙirjin. Ba a neman ki yaudari kanki da cewa komai lafiya, ana neman ki daina karɓar hukuncin tsoro babu shaida. Amma ki sani cewa tattaunawa a ofis tana rage wannan kashi 90 ɗin ne kawai, ba ta kawar da shi, saurar sai an fita waje an gwada, shi ya sa ɓangaren da kike tsoro shi ne ƙashin bayan maganin.

Ga yadda yake gudana. Ke da masanin za ku rubuta duk abubuwan da kike gudu, ki ba kowanne lamba, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Tafiya shagon bakin layi ke kaɗai sayen sabulu wataƙila 30 ce. Hawa adaidaita da ƙanwarki daga mararraba zuwa mararraba da hantsi, lokacin da hanya ta yi sauƙi, 45. Wannan tafiyar ke kaɗai, ƙanwar tana jiran ki a inda za ki sauka, 60. Zama a tsakiyar kujera tsakanin mata biyu masu kaya, 70. Tsayawa a bakin kasuwa minti 15, sannan shiga layin atamfa da la'asar a yi ciniki har a karɓi canji, wataƙila 95. Za a fara da abin da ke da wuya amma mai yiwuwa, a maimaita shi kullum ko kusan kullum, sannan a hau na gaba. Ke ce za ki amince da kowane mataki kafin a taka shi. Aikinsa shi ne ya ƙarfafa ki ya kuma hana ki tsayawa wuri ɗaya, ba shi da ikon tura ki inda ba ki yarda ba.

Akwai wani abu a nan da nake so ki riƙe da kyau, domin rashin fahimtarsa shi ke sa mutane su bari a mako na uku. Za ki ji tsoro a kan matakan nan, kuma jin tsoron ba ya nufin maganin ya gaza, ana bukatar sa ne ma domin aikin ya yiwu. A da ana koyar da cewa sai mutum ya tsaya a wurin har lambar tsoronsa ta sauka zuwa rabi. Binciken Michelle Craske da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya nuna cewa abin da ya fi tasiri shi ne ƙwaƙwalwa ta yi hasashe sannan ta ga hasashen ya ƙarye. Saboda haka kafin ki hau adaidaita ki rubuta a fili: ina tsammanin kafin mu kai mararraba ta biyu numfashina zai ɗauke, in suma. Ki hau, ki bar zuciyar ta buga yadda ta ga dama, kada ki ce a tsaya, ki sauka a inda kika yi niyya, ki ciro littafin ki rubuta abin da ya faru. Idan kika sauka ƙafafunki suna karkarwa, lambar tana nan a 70, amma ba ki suma ba, wannan ranar nasara ce cikakkiya. Sauƙin da kike nema zai biyo baya, yakan zo ne bayan an tara irin waɗannan shaidu da yawa, a ranaku daban-daban, a hanyoyi daban-daban, da safe da yamma, da ƙoshi da yunwa.

Wataƙila kuma masanin ya sa ki wasu atisaye a cikin ofishinsa waɗanda za su ba ki mamaki, kamar ki yi haki da gangan na minti ɗaya, ki juya a kan kujera har ki ji jiri, ki hau matakala da sauri, ko ki yi numfashi ta siririn bututun shan lemo. Dalilin shi ne ainihin abin da kike gudu ba kasuwa ba ce, bugun zuciyar da jirin ne, kasuwa wurin da suka fara kama ki ne kawai. Idan kika tayar da su da hannunki, kika ga sun zo sun wuce sau 20, sai su koma abin da suke tun asali, wato motsin jiki. Kafin wannan ɓangare wajibi ne ki gaya masa idan kina da juna biyu, ko asma, ko farfaɗiya, ko hawan jini, domin a canza atisayen ko a nemi izinin likitanki. Ki kuma tambayi likitan ko awon jinin da aka yi ya haɗa da na ƙarancin jini da na sinadarin maƙogwaro da ake kira tayirod, saboda yawansa yana kawo bugun zuciya da karkarwa masu kama da firgici. Idan an duba an ce lafiya, ki karɓa, kada ki koma neman awon zuciya duk wata, domin yawan neman tabbaci shi ma wani nau'in gudu ne.

Za a kuma tambaye ki 'yan abubuwan da kike dogara da su, kuma na tabbata kina da su: gorar ruwa a jaka, man shafawa mai yaji da kike shinshinawa, waya a tafin hannu da lambar maigida a buɗe, zama a bakin kujera kusa da hanyar fita, da babbar madogara, wato ƙanwarki. Ba su da laifi a kan kansu, illarsu ita ce duk ranar da kika fita kika dawo lafiya, su ake ba lada, ƙwaƙwalwa ta ce ai don akwai ruwan ne. Za a janye su ɗaya bayan ɗaya. A nan mutane sukan tambaya game da addu'a da zikiri, kuma amsar a sarari take: babu masanin kirki da zai ce ki bar ambaton Allah. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Ki yi addu'ar fita daga gida, ki yi ta hawa abin hawa, ki dogara ga Ubangijinki, sannan ki zauna ki bar jikin ya yi abin da zai yi. Abin da za ki lura da shi kawai shi ne idan karatun ya koma gaggawar korar bugun zuciya, har kina jin cewa in ba ki kai wani adadi ba kafin a kai mararraba za ki mutu, to wannan tsoro ne ya ari bakin ibada, kuma ya dace ki faɗa masa ku duba tare.

Maganin ba na har abada ba ne. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ƙayyade wa irin ciwonki jimillar awa 7 zuwa 14, mako-mako, a kammala cikin wata 4, ko da yake wanda ya daɗe a gida ko yake da wata damuwar a haɗe yakan bukaci ƙari. Awa ɗaya ce a ofis, saura awa 167 na mako a hannunki suke, kuma a cikinsu ake warkewa. Wadda take zuwa zama ba fashi amma ba ta yin aikin gida, kuɗin mota kawai take ɓatawa. Ki yi tsammanin makonni biyu ko uku na farko za su fi na baya wuya, tunda kin daina kauce wa abin da kika shekara kina kauce masa, wataƙila har barcinki ya ɗan rikice. Idan kuɗin zama ko nisa ya yi miki yawa, ki faɗa tun farko, domin ana iya mayar da zaman duk bayan mako biyu ko a yi wasu ta waya, wanda ya fi ki ɓace babu sallama.

Idan likita ya ga dacewar haɗa miki da ƙwaya, yawanci daga dangin sertraline ko fluoxetine za ta kasance. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, sukan ɗan ƙara fargaba a kwanakin farko, kuma ba a daina su rana ɗaya sai da tsarin likita. Abin da zan gargaɗe ki a kai da babbar murya shi ne diazepam da bromazepam da ake miƙo wa mutane a wasu kemis ba takarda. Suna kwantar da hankali cikin minti kaɗan, jiki yana sabawa da su cikin makonni, kuma wadda ta haɗiyi ɗaya kafin ta shiga kasuwa ta koma gida da darasin cewa ƙwayar ce ta shiga, ba ita ba. Ki kuma duba yawan goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari da kike sha, domin sinadarin kafin da ke cikinsu yana tayar da bugun zuciya.

Maigidanki ina ganin ya fi dacewa ki gayyace shi zama ɗaya ya ji da kunnensa, saboda maza da yawa sukan sauko idan suka ga tsari a rubuce, da matakai, da ranar gamawa. Yana kuma da aiki a ciki. A shekarar nan, cikin tausayi, shi da ƙanwarki sun ɗauke miki cefane da raka yara da duk wata fita, kuma wannan tausayin ya taimaka wa ciwon ya zauna. Abin da ake bukata gare su yanzu shi ne su mayar miki da ayyukan ɗaya bayan ɗaya daidai da matakin da kike kai, kada su yi miki gori ranar da kika kasa, kada kuma su yi saurin cewa bari kawai in je miki. Idan kika kira shi daga cikin adaidaita kina cewa ya zo, amsar da za ta amfane ki ita ce ya tuna miki abin da kika rubuta, ya ce ki kira shi bayan kin sauka. Surukarki kuwa ki bi ta da ladabi, ba sai kin yi jayayya da ita ba. Tsoron bakin mutane take yi, kuma tsoron nata yana da tushe, domin har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Najeriya tana aiki ne da dokar 1958 wadda ta fi mayar da hankali ga tsare mai taɓin hankali. Ya isa ki ce mata likita ya ba ki ranakun zuwa asibiti saboda bugun zuciya, wanda gaskiya ne. Abin da kika faɗa a ɗakin magani amana ne da aikin ya wajabta a rufe, idan kuma kin fi sakewa da mace, ki tambaya ko akwai, ko ki nemi ƙanwarki ta zauna da ke a zaman farko.

Ki auna shi ma mai maganin. Idan bayan zama huɗu ko biyar babu jerin matakai, babu aikin gida, kullum labarin mako kawai ake ji a rabu, ki tambaye shi yaushe za a fara fita. Idan kuma ya raina tsoronki, ko ya matsa miki ki tsallake matakai, ko ya yi miki alkawarin warkewa cikin zama biyu, ki koma wurin likitan da ya tura ki ki nemi canji. Ƙwararru a wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, amma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri ga masu karatu da ke waɗancan yankuna.

Bayan an gama, tsoron zai iya leƙowa wata rana, musamman bayan zazzaɓi ko haihuwa ko rasuwa a dangi. Idan hakan ta faru ki ciro littafinki, ki koma kan matakin da ya taɓa a cikin makon, kada ki jira ya tara kwanaki. Abubuwa biyu ne kawai ba a jira da su zuwa ranar zama: ciwon ƙirji da ya bambanta da wanda kika saba, musamman mai zuwa lokacin aikin ƙarfi ko mai tafiya zuwa hannu da muƙamuƙi ko wanda ya haɗu da suma ta gaske, da kuma tunanin cutar da kanki ko jin cewa rayuwa ta ishe ki. Kowanne daga cikinsu ya zo, ki gaya wa na kusa da ke, a tafi asibiti a ranar. Kafin zaman farko kuma ki tattara takardun awon da aka yi miki, da kwalayen duk wani magani da kike sha har da na gargajiya, ki rubuta wurare goma da kika daina zuwa, ki sa wa kowanne lambarsa daga 0 zuwa 100, ki tafi da su.